Gimbiya ta ƙi cin abinci, maigida ya fara lissafi

"Assalamu alaikum Anti. Maguna biyu gare ni, mace da namiji. Muzurun ba shi da matsala, duk abin da aka zuba masa sai ya share kwano har ya leƙa na 'yar'uwarsa. Macen, Gimbiya, ita ce ta zame mini jarrabawa. Shekararta uku. Yau in buɗe mata gwangwani ta ci kamar ba gobe, in ruga in sayo katan guda, gobe ta shinshina ta juya baya. Sai in buɗe wani, in ta ƙi in buɗe na uku, in ta ƙi in dafa mata kaza. Rabin abin da nake saye a shara yake ƙarewa ko a cikin muzurun, wanda ya yi ƙiba har da ƙyar yake hawa kujera. Maigida ya ce kuɗin maguna ya fara gogayya da kuɗin cefane, ko dai in bar ta da yunwa har ta saduda, ko in bayar da su. Ni kuma ina tsoron alhakinta. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Maigidanki ya yi gaskiya a zancen kuɗi, ɓarnar ta yi yawa. Inda ban bi shi ba shi ne batun a bar ta da yunwa, kuma da shi zan fara, don shi ne abin da zai iya kai ta lahira. Kare mai lafiya in ya yi fushi da abinci kwana ɗaya ko biyu, yakan dawo ya ci, ba abin da ya same shi. Jikin mage ba haka yake ba. Da ta daina ci, jiki yakan kwaso kitsen da ya ajiye ya tura wa hanta don ta mayar da shi kuzari, ita kuwa hantar mage ba ta iya sarrafa kitse mai yawa a lokaci guda. Sai kitsen ya cika hantar ta kasa aiki, zuciyar magen ta riƙa tashi, ta ƙara ƙin abinci, ciwon ya ƙara samun wuri. Kwanaki kaɗan na rashin ci sun isa su tayar da wannan, musamman ga mage mai ƙiba. Daga baya za ki ga idanu da dasashi da cikin kunne sun yi rawaya. Jinyarsa sau da yawa sai an kwantar da ita an saka mata bututun ciyarwa na makonni, kuma kuɗin hakan zai sa maigida ya yi kewar zamanin gwangwanaye. Don haka ki riƙe wannan iyakar: in ta cika awa 24 ba ta sa komai a baki ba, wasa ya ƙare, ki ba ta duk abin da kika san za ta ci. In ta ƙi shi ma, sai wurin likitan dabbobi, kada ki bari a kwana biyu.

Kafin ma ki laƙaba mata tsirfa, ki tabbatar lafiyarta ƙalau, don mage gwana ce wajen ɓoye ciwo. Ki zauna kusa da ita lokacin ci ki zuba mata ido. Mai tsirfa takan taho a tsanake, ta shinshina, ta ɗago ta dube ki, ta yi gaba wutsiya a sama, wani lokaci har ta karci ƙasa gefen kwanon kamar mai binne abu. Mai ciwon baki da gudu take zuwa don yunwa na cin ta. Ta ɗauki loma ɗaya, ta karkata kai tana tauna da gefe guda, ƙwayar abincin ta faɗo daga bakinta, ta ja da baya a firgice, ta koma nesa tana kallon kwanon. Ki ɗaga leɓenta ki duba: dasashi ya yi ja? Baki na wari? Miyau na zuba? Ciwon haƙori da na dasashi ruwan dare ne ga maguna daga shekara uku zuwa sama, Gimbiya kuwa ta shiga sahu. Wadda zuciyarta ke tashi kuma takan yi ta lasar leɓe tana haɗiyar miyau, ta kau da kai. Ko mura ma tana hana su ci, don in hanci ya toshe, abinci ya tashi daga abinci a wurinsu.

Sikeli zai raba miki gardama. Ki hau riƙe da ita, ki sake hawa ke kaɗai, ki cire wannan daga wancan, ki rubuta, duk mako. In nauyinta na nan daram, gashinta na sheƙi, tana wasa, to tana samun abin da ya ishe ta, ko daga kazar ne ko daga kwanon muzuru in kin juya baya. In kuwa yana sauka, kada ki raina. Mage mai kilo 4 da ta zubar da giram 400 daidai take da mutum mai kilo 60 da ya zubar da kilo 6. Kuɗin ganin likita sau ɗaya bai kai na gwangwanayen da kike zubarwa ba, kuma in haƙori ne, ko irin abinci ɗari kika sauya ba zai warke ba.

To, mu ɗauka likita ya duba ya ce lafiya lau. Wani ɓangare na abin da kike gani halitta ce. Mage da hanci take fara cin abinci. Ƙwayoyin ɗanɗano da ke harshenta ɗaruruwa ne kawai, na ɗan Adam kuwa dubbai ne, zaƙi ma sam ba ta jin sa. A shekarar 2005 masu bincike na cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka sun nuna cewa ƙwayar halittar da ke sa a ji zaƙi a lalace take a jikin maguna, na gida da manyan danginsu na dawa. Abin da ke jan ta shi ne ƙamshin nama da kitse, da yadda abincin yake a baki, da ɗumi, tunda kakanninta ɓera suke kamawa su ci da ɗumin jikinsa.

Yanzu ki tuna abin da ke samun gwangwanin jiya. Ranar farko kin buɗe shi sabo fil, ƙamshi ya cika ɗaki, ta ci. Ragowar kin tura firiji a buɗe, ta kwana tana zuƙar warin duk abin da ke ciki, samanta ya bushe ya yi duhu, kitsen ya daskare. Da safe kin juye mata da sanyinsa. A wurinki abincin jiya ne, a hancinta wani abu ne daban, kuma ba mai daɗi ba. Ki juye ragowar a ƙaramin mazubi mai murfi, ki yi amfani da ita cikin kwana biyu ko uku. In za ki ba ta, ki zuba cokali ɗaya ko biyu na ruwan ɗumi ki dama, ki taɓa da yatsa ki ji ya yi ɗumin jiki, bai kai zafi ba. Wannan ɗan aikin kaɗai yakan ceci gwangwanaye masu yawa daga shara.

Sannan cikinta ƙarami ne, kuma ɗabi'arta ci kaɗan-kaɗan. Ɓera guda kusan kalori 30 ne (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa), mage mai kilo 4 kuwa tana bukatar wajen 200 zuwa 250 a rana, ma'ana a dawa sai ta ci sau bakwai ko takwas kafin ta cika kason yini. In ta ci cokali uku ta tashi, mai yiwuwa ta ƙoshi ne na wannan lokacin. Ke kuma sai ki ɗauka ƙi ta yi, ki buɗe wani. Ki daina cika kwano. Ki zuba kaɗan, sauran ya zauna a rufe. Akwai kuma ɗokin sabon abu: maguna da yawa sukan afka wa sabon abinci kwana ɗaya ko biyu, daga nan ɗokin ya kwanta. Wannan shi ne tarkon katan da kike faɗawa ciki. Kada ki ƙara sayen katan a kan shaidar rana ɗaya. Ki ɗauki uku ko huɗu, in mako ya zagayo tana ci, sannan ki sayi mai yawa.

Sauran tsirfar kuwa ke kika koya mata, kuma ɗalibar ta ɗauki karatu. Ki sake duba wasiƙarki: ta ƙi na farko kin buɗe na biyu, ta ƙi na biyu kin buɗe na uku, ta ƙi na uku kin ɗora tukunya. Wace dabba mai hankali ce za ta ci na farko alhali ta san kaza na jira a ƙarshen layi? Ko ni ce da na jira. Abin da za ki warware ke nan, kuma ba da yunwa za ki warware shi ba, da tsari ne.

Ki zaɓi iri ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda ta taɓa ci da kyau, ki tsaya a kansu. Ki sa lokaci, sau uku ko huɗu a rana, kullum a sa'a ɗaya. Ki kai ta ɗaki ita kaɗai ki rufe ƙofa, don mage ba ta son ci wani na huci a bayanta, kuma ina kyautata zaton wani ɓangare na ƙin cin nata tsarguwa ce da muzurun da ke tsaye yana jiran ta ɗaga kai. Ki ajiye kwanon ki fita, kada ki tsaya a kanta kina lallashi. Bayan minti 20 ko 30 ki ɗauke, ta ci ko ba ta ci ba, kuma ba wani abu sai lokaci na gaba. Za ta yi kuka, za ta bi ki har madafa tana goga jiki a ƙafarki, za ta zauna gaban firiji ta zuba miki idon marayu. Ki daure. Tsallake ci ɗaya ko biyu ba ya cutar da babbar mage mai lafiya, muddin kina lura da iyakar awa 24 da na faɗa. Yawanci cikin 'yan kwanaki takan gane cewa layin ya gajarce. In akwai abincin da kike so ki mayar da ita kansa, kada ki sauya dare ɗaya: ki fara da ɗan kaɗan cikin wanda ta saba, kina ƙarawa a hankali tsawon kwana 7 zuwa 10, don sauyin gaggawa yakan jawo gudawa, ita kuma in ta haɗa wani abinci da ciwon ciki takan ƙaurace masa na dogon lokaci.

Na san abin da ke ranki da kika ambaci alhaki, hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba. Wadda ke ajiye wa dabbarta abinci mai kyau sau huɗu a rana ba ta cikin wannan sahun, ko da dabbar ta so kaza.

Kwanon ma a duba shi. Na roba yakan karce ya riƙe tsohon wari, gara na ƙarfe ko na tangaran, a wanke kullum a ɗauraye sabulun tas. Wasu magunan sun fi son faranti mai faɗi a kan kwano mai zurfi, gwadawa kuma ba ta cin ko sisi. Kada ya kasance kusa da akwatin yashin da take bahaya a ciki.

Sai lissafin, wanda shi ne damuwar maigida. Kuɗin da aka rubuta a jikin buhu ko gwangwani ba shi ne abin dubawa ba. Tambayar ita ce nawa ciyar da mage ɗaya ke ci a rana. Busasshen abinci yakan ɗauki kalori 350 zuwa 400 a kowane giram 100, wato mage mai kilo 4 giram 60 ko kusa da haka ya ishe ta a yini, buhu mai kilo 2 kuma ya kai ta wata guda. Na gwangwani ko na fakiti kuwa kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari ruwa ne. Ƙaramin fakiti mai giram 85 da wuya ya wuce kalori 90, sai ta ci kusan uku a rana, kusan 90 a wata. In kuma rabi na tafiya shara, kowane fakiti kuɗi biyu kika saye shi. Nan kuɗin cefanen yake zurarewa.

Ban ce ki daina na gwangwani gaba ɗaya ba. Yana da amfani, saboda mage jikar kyanwar daji ce ta busassun ƙasashe, ba ta cika jin ƙishirwa ba, ga shi tana bukatar ruwa wajen mililita 50 ga kowane kilo na nauyinta a rana. Jiƙaƙƙen abinci yana shigar mata da ruwan ba tare da ta sani ba, abin da ke taimakon mafitsara. Hanyar da ta fi sauƙi ga aljihu ita ce haɗawa: fakiti ɗaya a raba mata biyu, safe da yamma, sauran kason a cika da busasshe, a kuma ajiye ruwa mai tsabta a wuri biyu ko uku nesa da abincin. Busasshen ki auna shi da ƙaramin sikelin madafa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan fannin bai sani ba, kullum ƙari yake yi. Ki auna kason yini tun da safe ki zuba a kwalba, kowace mage da tata, in ta ƙare ta ƙare. Hakan kuma yana maganin ɗan gidan da zai zo ya sake zuba musu don sun yi masa kukan ƙarya cewa ba a ba su ba.

Babban buhu ya fi araha a kilo, amma da sharaɗi. Ƙwayoyin abincin da kitse ake shafe su, shi ne ƙamshin da ke jan mage, kuma da an buɗe buhu iska da zafi sukan fara lalata kitsen. Hancinki ba zai ji ba, nata zai ji. Sau da yawa in aka ce mage ta gaji da wani abinci, in aka duba, buhun ne ya kai ƙasa ya tsufa. Ki sayi wanda maguna biyu za su ƙarar cikin wata guda ko mako shida, ki bar abincin cikin ledarsa, ki matse iskar ki naɗe bakin, ki sa cikin mazubi mai murfi a wuri mai sanyi.

Ki koyi karanta bayan gwangwani. Abincin maguna kashi biyu ne: akwai wanda aka rubuta cewa cikakke ne, wato mage za ta iya rayuwa a kansa shi kaɗai, akwai kuma na ƙari, wanda ba ya wadatarwa sai an haɗa da wani. A kayan Amurka za ki ga an ambaci ƙa'idar AAFCO, Turai kuma tana da ta FEDIAF, wato ƙungiyoyin da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi a can. Abin haushi, 'yan gwangwanayen nan masu kyan gani, masu sala-salan farin nama ko kifi cikin romo, waɗanda suka fi tsada kuma masu tsirfa suka fi so, da yawansu na ƙari ne. Kina biyan kuɗi mai yawa a kan abin da bai kai abinci ba. Cikakke mai matsakaicin farashi ya ishi mage mai lafiya, hoton da ke jikin leda ba ya ƙara mata komai. Amma wanda ake aunawa a tsiyaye, babu suna babu ranar lalacewa, ki bar shi inda kika gan shi.

Kazar da kike dafawa fa? Kina ganin gata kike yi mata, alhali in ita ce ta zama abincinta na kullum, tauye ta kike yi. Tsokar nama kaɗai kusan babu sinadarin da ke gina ƙashi a cikinta, a dawa daga ƙasusuwan abin da ta kama take samu. Akwai kuma wani sinadari mai suna tawurin, wanda jikin mage ba ya iya samar da isasshensa, dole sai daga abinci, kuma in aka tafasa nama wani kaso nasa yakan bi ruwan dahuwar. Rashinsa yana makantar da mage a hankali, yana kuma sa zuciyarta ta buɗe ta yi rauni. A 1987 ne likitan dabbobi Paul Pion da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa ƙarancin tawurin a abincin da ake sayarwa ne ke jawo wa maguna wannan ciwon zuciya. Kamfanoni suka ƙara shi, ciwon ya ragu ƙwarai. Wannan ne ma ya sa abincin kare, duk da araharsa, bai dace da mage ba. Kifin gwangwani na mutane in ya zama abincin kullum yana jawo ƙarancin bitamin E da kumburin kitsen jiki, hanta kullum kuma tana tara bitamin A fiye da kima har ƙasusuwan wuya su sandare. Ragowar girkin gida akwai albasa da tafarnuwa, waɗanda ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin mage. Madara, duk da yadda ake zana mage da ita, yawancin manyan maguna gudawa take sa su. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soki hanji. In kina son dafa musu da kanki, sai da tsarin likita da sinadaran ƙari, kuma in an yi shi daidai da wuya ya fi na saye araha. Kaza ta koma tukuici, ɗan yanki jefi-jefi, kada duk kayan kwaɗayi su wuce kashi 10 cikin ɗari na abin da take ci a rana.

Ni a wasiƙarki wanda ya fi ba ni tsoro ma muzurun ne, wanda kika ce ba shi da matsala. Shi ne babban kuɗin da ke tafe. Ƙiba a mage ƙofa ce ta ciwon sukari, mai bukatar allura sau biyu a rana, da ciwon gaɓoɓi. Namiji mai ƙiba kuma ya fi fuskantar toshewar hanyar fitsari, saboda tasa siririya ce. In kika ga yana ta zirga-zirga zuwa akwatin yashi, yana tsugunno yana nishi ba abin da ke fita, kada ki jira gari ya waye, wannan yana kisa cikin kwana biyu ko uku. Raba musu wurin ci zai rage masa rabin matsalar. Sauran a rage masa a hankali bisa shawarar likita, don shi ne ma ya fi Gimbiya haɗarin ciwon hantar nan in aka yanke masa abinci da ƙarfi. Ki shafa gefensa: in sai kin danna kafin ki ji haƙarƙari, akwai aiki.

Ba ki faɗa mini ko an yi musu aikin hana haihuwa ba. In ba a yi ba, shi ne kan gaba a jerin abin da za ki kashe wa kuɗi. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Wadda ke lokacin neman namiji ma takan rage ci ta yi ta kuka, a ɗauka tsirfa ce. In kuma an yi, to ki sani bukatarsu ta abinci ta ragu bayan aikin, abin da ya ƙara bayyana tumbin muzuru.

Akwai wuraren da ba a tsuke hannu: allurar rigakafi, har da ta ciwon haukan kare, da maganin tsutsar ciki da na ƙuma. Kada neman sauƙi ya sa ki ɗiga wa mage maganin ƙuma na kare, da yawansu suna ɗauke da sinadarin kashe ƙwari mai suna permetirin, wanda ke sa mage karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Kada kuma ki taɓa ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Yashin bahaya shi ma kuɗi ne na kowane wata da mutane ba sa sawa a lissafi. Mai dunƙulewa ya fi tsada a saye, amma in kina kwashe dunƙulen kullum yakan daɗe. Ki guji mai turare, don mu aka yi shi, su ba sa so. Ƙa'idar da aka saba ita ce akwati ɗaya ga kowace mage da ƙarin ɗaya. Inda za ki tsuke hannu ba tare da kowa ya cutu ba shi ne kayan wasa da gadaje da 'yan kayan kwaɗayi. Kowa ya san ƙarshen gadon mage mai tsada: ta kwana cikin kwalin da aka kawo shi.

Game da maigida, kada ki je masa da roƙo ko hawaye, ki je masa da takarda. Ki rubuta duk abin da kika kashe wa magunan na wata guda a sabon tsarin, abinci da yashi da magani, ku zauna ku yanke iyakar da ba za a wuce ba. Daga abin da kika rage ki riƙa ware wani abu duk wata don ranar likita, saboda mage tana iya kai shekara 15 ko fiye, kuma ciwon ƙoda da na haƙori sukan zo da tsufa. Ki kuma roƙe shi alfarma ɗaya: a makon farko, in Gimbiya ta zo tana masa kuka lokacin da yake cin abinci, kada ya jefa mata komai. Sau da yawa mai cewa a bar ta da yunwa shi ne mai miƙa mata tsoka a ƙarƙashin tebur.

In kuwa bayan wata biyu ko uku lissafin ya nuna gidan ba zai iya ɗaukar maguna biyu ba tare da an taɓa hakkin mutanen gida ba, bayar da ɗaya ba abin kunya ba ne. Muzurun zai fi saurin samun gida, tunda ba ya zaɓe. Ki nemi wanda kika yarda da shi, ki faɗa masa gaskiyar kuɗin da zai riƙa kashewa da batun ƙibar, ki haɗa masa da katin rigakafi da ɗan abincin da ya saba ci na mako guda, kuma ki ce a tsare shi cikin gida makonni biyu ko uku na farko don kada ya kama hanyar dawowa.